Tudun ƙonannun duwatsu da muke tonawa a Ailan: madafa ce ko wurin wanka?

Sadiya_a_Cork:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin binciken kayan tarihi a ƙasar Ailan, kuma a wannan hutun na samu aikin wucin gadi tare da wata tawaga da ke tona wani fili a yankin Cork kafin a shimfiɗa sabuwar hanya a kansa. Abin da muke tonawa shi ne irin tudun nan da mutanen ƙasar suke kira fulacht fiadh, wato tarin duwatsun da wuta ta farfasa, gauraye da gawayi da baƙar ƙasa. Tsayinsa bai kai ƙugun mutum ba, siffarsa kamar ta jinjirin wata, kuma yana gefen wani ɗan rafi a cikin dausayi.

Yau mako uku ke nan muna kankare shi da cokalin magini. Duwatsun sun yi ja sun tsattsage, wasu ma da ka matsa su a hannu sai su marmashe, baƙin ƙasar kuma ya shiga ƙarƙashin farcena har sabulu ya kasa fitar da shi. A tsakiyar jinjirin watan muka tarar da kwami da aka haƙa a ƙasa aka jera masa katako, kuma kullum da safe mukan same shi cike da ruwa, sai mun kwashe da bokiti da soso kafin mu fara aiki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, shugaban aikinmu yana cewa nan wurin dafa nama ne, alhali har yanzu ba mu ga ko guntun ƙashi ba, ba mu ga tsingaron tukunya ba. Ta yaya za a ce madafa ce idan babu alamar abinci a cikinta? Ina neman ra'ayin masana da ke wannan zaure.

Malam_Kufai:
Wa alaikumus salam, 'yata Sadiya, Allah ya ba da sa'ar karatu. Shugaban aikinku bai faɗi wannan magana da ka ba, yana bin sawun wani gwaji ne da ya shahara a wannan fanni. A shekarar 1952 Farfesa Michael J. O'Kelly na jami'ar Cork ya tona irin wannan tudu a Ballyvourney, a yankin da kike ciki yanzu. Da ya gama tonon bai tsaya ga zato ba, sai ya sake gyara kwamin, ya bar shi ya cika da ruwa kimanin lita 450, ya hura wuta ya gasa duwatsu, ya riƙa jefa su ciki. A cikin kusan rabin awa ruwan ya tafasa. Daga nan ya naɗe cinyar rago mai nauyin kilo huɗu da rabi a cikin ciyawa, ya tsoma ta, yana ƙara dutse mai zafi lokaci-lokaci, har tsawon awa uku da minti arba'in. Da aka kwance ciyawar, nama ya nuna sarai, kuma toka ba ta ɓata shi ba.

Tun da aka wallafa wannan sakamako a 1954, yawancin masana suka karkata ga cewa madafa ce. Sai dai ina koya wa ɗalibaina cewa gwaji yana nuna abin da zai yiwu ne kawai, ba ya tabbatar da abin da aka yi.

Sarkin_Fawa_Jega:
Allah ya gafarta malam, ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma shekara talatin ina sana'ar nama, kuma wannan lissafi bai kwanta mini ba. Wane mai hankali ne zai tafasa ruwa fiye da duro biyu saboda cinya guda? Duk daɗin naman da maiƙonsa zai tafi a cikin ruwan, ga toka ga tsakuwa, ba mai iya shan wannan romo. Mutumin da yake da wuta da duwatsu masu zafi, ai gashi ya fi masa sauƙi. Amma game da ƙashi, Malama Sadiya, kada rashinsa ya ruɗe ki. A mahauta, kafin gari ya waye karnuka sun kwashe duk abin da aka yar, kuma ba a nan inda aka dafa ake zama a ci ba.

Dakta_Larai:
Ina so in ƙara a kan maganar Sarkin Fawa ta ƙarshe, domin ta ɓangaren ilimin ƙasa akwai dalili mafi ƙarfi fiye da karnuka. Ƙasar dausayi a yawancin sassan Ailan tana da tsami, kuma ƙasa mai tsami tana narkar da ƙashi a hankali har ya ɓace, alhali ruwan da ya danne wurin yana hana iska shiga, shi ya sa katako yake daɗewa bai ruɓe ba. Wato yanayin da ya adana miki kwamin, shi ne kuma zai iya cinye miki ƙashin. A Fahee South da ke yankin Clare, inda ƙasar take kan dutsen farar ƙasa mara tsami, an tona irin wannan tudu kuma an samu ƙasusuwan dabbobi. Saboda haka kafin a ce babu ƙashi, sai a fara auna tsamin ƙasar wurin. Kun auna, Sadiya?

Sadiya_a_Cork:
Mun auna, Dakta, kuma lalle tana da tsami. Amma a aji an koya mana cewa ƙashin da ya ƙone ƙurmus ya yi fari yakan jure wa irin wannan ƙasa, kuma mun tace bokiti-bokiti na ƙasa a rariya ba mu ga ko ɓurɓushinsa ba. Idan an yi ta dafa nama a wuri ɗaya shekara da shekaru, na ɗauka ko da kuskure wani ƙashi zai faɗa cikin murhu.

Bakano_a_Bamingham:
Wannan tambaya ta Sadiya ita ce ainihin wadda wasu masana biyu na nan garin da nake zaune suka yi. Lawrence Barfield da Mike Hodder sun tona irin wannan tudu a Cob Lane, a cikin birnin Bamingham na Ingila, a farkon shekarun 1980, kuma su ma ba su samu ƙashi ko kayan girki ba. A 1987 suka fitar da maƙala a mujallar Antiquity suna cewa wataƙila wuraren nan ɗakunan tururi ne: a kafa 'yar bukka da rassa da fatu, a shigar da duwatsu masu zafi, a yayyafa musu ruwa, mutane su zauna su yi gumi, sannan su fita su faɗa cikin rafi. Hujjarsu ita ce wuraren kullum suna bakin ruwa, ba a cikin gidajen mutane suke ba, kuma babu shara irin ta abinci.

Na taɓa kai yarana Moseley Bog, wani ɗan kurmi a cikin gari, inda akwai irin waɗannan tuddai a gefen rafi. Ba don allon bayani da aka kafa ba, da na wuce su ban sani ba.

Hajiya_Uwani:
Ni dai da na karanta bayanin Bakano, kakata ce ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta. Idan mura ta kama ɗayanmu, takan tura dutse cikin murhu har ya yi ja, ta zuba ruwan ganye a cikin kwano, ta ɗauko dutsen da ƙarfe ta jefa, ta lulluɓe mutum da bargo ya yi sirace. Ƙarar da dutsen yake yi idan ya taɓa ruwa har yau tana kunnena, kuma na sha ganin ya tsage biyu, sai ta jefar da shi bayan ɗaki ta nemi wani. Ban ce mutanen can sun koya daga gare mu ba, ko mu daga gare su, amma duk wanda ya ga ana sirace ba zai yi mamakin a ce dutse mai zafi da ruwa na magani ba ne.

Malam_Kufai:
Hajiya ta kawo misali mai kyau, amma a lura da bambanci guda. Sirace ko ɗakin tururi ba ya bukatar kwami mai cin ɗaruruwan lita, ruwa kaɗan ya wadatar. Wannan ita ce babbar sukar da aka yi wa Barfield da Hodder, kuma Diarmuid Ó Drisceoil, wanda ya tona wurin nan na Fahee South da Dakta Larai ta ambata, ya mayar musu da martani a mujallar a shekarar da ta biyo baya. Idan tururi kawai ake so, me ya sa za a sha wahalar fafe katako, a jera, a toshe kafofinsa, a haƙa ramin daidai inda ruwa zai tsattsafo ya cika shi da kansa?

Injiniya_Bashir:
Bari in sa lissafi a cikin maganar, ko zai taimaka. Idan aka ɗauki lita 450 na ruwa mai sanyin digiri 10, ana so ya kai digiri 100, ana bukatar zafi kimanin megajul 170 (megajul ma'auni ne na yawan zafi). Dutse ba ya riƙe zafi kamar ruwa, abin da kilo ɗaya nasa yake ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da ruwa yake ɗauka ba. Idan an gasa shi ya kai digiri 600 ya sauko zuwa 100 a cikin kwamin, za a bukaci fiye da kilo 400 na duwatsu kafin a ga tafasa ɗaya, ban da zafin da ke tserewa ta ƙasa da iska. Dutsen kuma ba ya jure shiga wuta da ruwa sau da yawa, yana farfashewa ya zama bai da amfani, sai a kwashe a zubar a gefe uku na kwamin, a bar gefe ɗaya don shige da fice. Ga inda siffar jinjirin watan ta fito.

Shawarata ga Sadiya ita ce ku auna yawan duwatsun tudun gaba ɗaya, ku raba da abin da tafasa ɗaya take ci. Idan amsar ta fito hamsin ko ɗari, kuma gwaji ya nuna an yi amfani da wurin tsawon ƙarni, to ba madafar yau da kullum ba ce, wuri ne da ake zuwa jefi-jefi.

Abu_Maryam:
Ku yi mini afuwa, amma ni abin da ya tsaya mini shi ne kuɗin da ake kashewa. A tsayar da aikin hanya makonni saboda tarin duwatsun da aka zubar, ba zinariya ba, ba rubutu ba, ba ma kabari ba? Kuma na ji an ce irinsu dubbai ne a ƙasar. Idan an tona goma, me na sha ɗaya zai ƙara?

Sadiya_a_Cork:
Malam Abu Maryam, ba kai kaɗai ba ne mai wannan tunani, direban motar da ke yaye mana ƙasa ma haka yake faɗi kullum yana dariya. Gaskiya ne an ƙidaya fiye da 4,500 a Ailan, kuma yankin Cork ya fi ko'ina yawansu. Amma dokar ƙasar ta kare irin waɗannan wurare, kuma hanya idan ta bi ta kansu ta shafe su har abada, don haka tonon shi ne dama ta ƙarshe ta rubuta abin da ke ciki. Ƙari a kan haka, kafin manyan ayyukan hanyoyi na shekarun 2000, kaɗan ne aka tona. Ɗaruruwan da aka tona a lokacin ne suka nuna cewa ba iri ɗaya ba ne: wani kwaminsa na katako ne, wani na faffaɗan dutse, wani gungumen itace ne aka fafe, wani kuma saƙar rassa ce. Gawayin da ke ciki yana gaya mana irin itatuwan da ke dajin a lokacin. Alan Hawkes ya tattara sakamakon waɗannan tone-tone a littafinsa na 2018, kuma shi ne muke yawan dubawa a ɗakin ajiyar kayanmu.

Gimbiyar_Fune:
Maganar Dakta Larai a kan yadda ruwa yake adana katako ta tuna mini da abin da ya faru a ƙaramar hukumarmu. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna ya ci karo da wani itace a zurfin kusan mita biyar, ashe kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita takwas, wanda gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Da a busasshiyar ƙasa yake, da gara ta gama da shi tun tuni. Tambayata ga Sadiya ita ce, yaya za ku yi da katakon idan kun ciro shi, tunda na ji an ce da ya sha iska yake lalacewa?

Sadiya_a_Cork:
Haka ne, Yaya Gimbiya. Muna fesa masa ruwa muna rufe shi da baƙar leda duk lokacin da ba a zana shi ko ɗaukar hotonsa. Ranar Talata wani sabon ma'aikaci ya manta bai rufe ɗaya daga cikin allunan ba muka tafi cin abinci, kafin mu dawo rana ta ɗan fito, fuskarsa ta fara tsattsagewa, alamun sarar gatari da muke gani da safe sun dushe. Ranar kowa ya sha faɗa. Idan an ciro su za a ajiye su cikin ruwa har su isa hannun masu adanawa.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum. Ina so in tambaya ko wannan abu na Turai ne kaɗai, saboda a cikin Sahara ma akwai ƙananan tarin ƙonannun duwatsu da makiyayan dā suka bari lokacin da hamadar take da ciyawa, kuma wani Bajamushe mai suna Baldur Gabriel ya yi bincike a kansu. Ko duk abu ɗaya ne?

Dakta_Larai:
Ba ɗaya ba ne, Malam, ko da yake dabarar gasa dutse ta haɗa su. Na Sahara murhu ne na matafiya, ƙanana ne, ba su da kwamin ruwa. Abin da ake nufi da wanda Sadiya take tonawa shi ne haɗuwar abu uku: tudun fasassun duwatsu, da murhu, da kwami a bakin ruwa. Irin wannan an fi samunsa a Ailan da Birtaniya, akwai kuma danginsa a Suwidin.

Tunda an zo nan, bari in taɓo shekaru. Ana gano su ne ta gwajin kabon-14 a kan gawayi ko katako, kuma yawancinsu suna faɗawa ne a zamanin tagulla, musamman tsakanin shekara 1500 zuwa 500 kafin Miladiyya, wasu kuma sun girmi haka. Amma akwai tarko: idan aka gwada gawayin tsohuwar bishiya da ta yi shekara ɗari uku kafin a sare ta, sakamakon zai tsufar da wurin fiye da kima. Shi ya sa ake zaɓen gawayin ƙananan rassa.

Malam_Kufai:
Wannan batu na shekaru yana da alaƙa da sunan kansa, kuma a ganina sunan ya taimaka wajen ɗaure tunanin mutane. Ana fassara fulacht fiadh da ramin girkin barewa ko na dawa, wasu kuma suna danganta shi da Fianna, rundunar mafarauta da mayaƙa ta tatsuniyoyin Ailan. Geoffrey Keating, a tarihin Ailan da ya rubuta wajajen 1634, ya bayyana yadda suke haƙa ramuka biyu a bakin ruwa, su naɗe nama da ciyawa su dafa shi da duwatsu masu zafi a ɗaya, su yi wanka a ɗayan. To amma tsakanin Keating da masu wannan tudu akwai shekara dubu biyu zuwa dubu uku. Bai gan su ba, labarin da ya tarar ne ya rubuta. Abin lura dai shi ne, ko a bakinsa girki da wanka tare suka zo.

Bakano_a_Bamingham:
Malam, ai wannan ya ƙarfafa ɓangarena ne. Kuma mutanen Ailan sun ci gaba da amfani da ɗakunan gumi na dutse har cikin ƙarni na 19, musamman a yankin Leitrim.

Malam_Kufai:
Sun yi, amma a waɗancan a cikin ɗakin ake hura wutar, a kwashe garwashin, sannan mutum ya shiga. Ba a jefa dutse a ruwa, kuma ba sa barin tudun fasassun duwatsu. Kada mu haɗa su don kawai dukansu gumi ake yi.

Nura_Aberdeen:
Ban ga wanda ya ambaci na tsibiran arewacin Sikotlan ba, kuma su ne suka fi rikita lissafin. A Liddle da ke tsibirin South Ronaldsay na Orkney, wani manomi mai suna Ronald Simison yana ɗibar duwatsun wani tudu yana gyara hanyar gonarsa a 1972 sai ya ci karo da gini, John Hedges kuma ya zo ya tona. A cikin tudun akwai ɗaki na dutse sosai, da murhu, da babban kwami na faffaɗan duwatsu a tsakiya. A Cruester kuma, a tsibirin Bressay na Shetland, teku ce take cin wurin, aka tona shi a 2000, sannan a 2008 mutanen tsibirin tare da masana suka kwashe ginin dutse bayan dutse suka sake gina shi kusa da gidan tarihinsu. Na je na gani, akwai ƙananan ɗakuna da siririn lungu da ya haɗa murhu da kwamin. Mafarauci mai yada zango na kwana biyu ba zai yi irin wannan gini ba.

Injiniya_Bashir:
Akwai kuma ra'ayin da ba a kawo ba tukuna. A 2007 wasu masana biyu daga Galway, Billy Quinn da Declan Moore, sun gwada jiƙa tsiron sha'ir a cikin kwamin katako da duwatsu masu zafi, suka samu giya. Wasu kuma sun gwada wanke ulu da rina shi, ya yiwu. Da alama duk abin da aka gwada a kwamin nan sai ya yi.

Sarkin_Fawa_Jega:
To ai ka faɗi gaskiya, Injiniya. Babbar tukunyar gidanmu da ita ake dafa abincin suna, da ita ake dafa ruwan wankan jego, da ita ake tafasa ruwan figar kaji. Wanda ya tono ta bayan shekara dubu ya ce ta abu ɗaya ce, ya yi kuskure. Ni har yanzu ban yarda da cinya guda a duro biyu ba, amma idan an ce sa guda aka yanka wa taro, ko kuma kitse ake narkarwa a kwashe daga saman ruwan, wannan zan saurara.

Hajiya_Uwani:
Amma Sarkin Fawa, ruwan da aka jiƙa fata ko aka yi rini a ciki, wa zai sake dafa nama a wurin? Dole dai wani wurin na wani aiki ne, wani na wani.

Sadiya_a_Cork:
Na gode muku ƙwarai, na kwafe lissafin Injiniya zan nuna wa shugaban aikinmu gobe. Ga abin da ya faru yau: bayan mun kwashe sauran duwatsun gefen arewa, mun ga ƙananan ramuka guda tara, kowanne bai fi kaurin sanda ba, sun yi rabin da'ira kimanin taku biyu daga kwamin. Ɗaya daga cikin abokan aikina nan take ya ce ga bukkar tururi, shugaban kuma ya ce shinge ne na kare wuta daga iska, wata kuma ta ce wurin rataye nama ne. An ɗebi ƙasar gindin kwamin a leda goma sha biyu za a kai ɗakin gwaji a duba ko akwai ƙwayar hatsi, ko gashin dabba, ko ƙwari, amma an ce sakamakon zai ɗauki watanni, mu kuma ranar Juma'a za mu miƙa filin ga masu hanya.

Dakta_Larai:
Kafin Juma'ar, ki roƙe su su ɗebi ƙasa daga cikin ramukan tara ɗin ma, kowanne a ledarsa daban, kuma a duba ko sandunan a miƙe aka kafa su ko sun karkata zuwa ciki. Idan sun karkata, ki turo mana hoton zanen.